Idon Andrawus Mai Esi

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota a Bauchi, kuma esinta ta taɓa hura masa iska mai zafi a watan Afrilu, ya san rumfar Andrawus a Fadaman Mada. Ni Mika'ilu, shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙin motar gwamnati, kuma ban taɓa ganin mai gyaran esi irinsa ba. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba kuma.

Mutumin Tafawa Balewa ne. Ya shigo gari yana saurayi, ya fara da gyaran firji a gidajen sojoji a Shadawanka, daga nan wani hafsa ya ce ya duba masa motarsa, shi ke nan ya koma kan motoci. Da wannan sana'a ya auri Matta, ya gina ɗaki uku, ya karantar da 'ya'yansa mata biyu har suka zama malaman asibiti.

Dokarsa ɗaya ce: ba ya zuba wa mota gas sai ya gano inda na farkon ya tsere. In ka kawo mota, sai ya sa bayan hannunsa a bakin inda iska ke fitowa, ya ji yanayinta. Ya duba fis, ya ja bel da yatsa, ya kasa kunne ya ji ko kwamfireso na kamawa. In duk waɗannan lafiya suke, sai ya kaɗa sabulu a wani tsohon gwangwanin madara, ya bi tiyo yana shafa kumfa gaɓa-gaɓa. Inda kumfar ta fara tasowa tana kumbura, nan ɓarakar take. Masu sauri su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Ya kan ce wanda yake son a zuba masa kawai ya tafi bakin kasuwar Wunti, akwai masu yi masa a tsaye.

Da na yi ritaya, rumfarsa ta zama wurin zamana. Matata ma cewa take yi saura in kai katifa. A nan, wata ranar Talata da babu kowa, ya faɗa mini abin da ko Matta bai gama faɗa wa ba. Idonsa na tafiya. Likita ya ce an makara, magani sai dai ya rage gudun ciwon. Hannu da kunne suna nan garau, amma kumfa da allurar gejin auna gas sun gagare shi. Ya san kuwa ranar da maganar ta fita, ranar aikinsa ya ƙare, don ba mai ba makaho motarsa.

Sai na zama idonsa. In ya shafa kumfa, ya riƙa bin tiyon da yatsa a hankali, ni ina tsaye gefe kamar ɗan kallo. Yatsan na isowa inda take tasowa sai in yi gyaran murya. In ya ɗaura geji, in leƙa in faɗi lambar cikin hira, kamar mai son nuna shi ma ya iya. Shekara biyu muna haka, ba wanda ya gane. Har Saja Amos, wanda yake kawo masa motocin manya daga bariki, kuma su ne rabin cinikinsa, ya riƙa tsokanata wai tarin nan nawa ya kamata a kai shi asibiti. Wallahi na ji daɗin shekarun nan fiye da duk aikin da na yi wa gwamnati.

Motata ce ta jawo. Tsohuwa ce tukuf, ƙirar shekarar tamanin da takwas, ni ne na uku da na riƙe ta. Ana tsakiyar zafi esinta ta daina sanyi, ga shi washegari zan kai yayana Hammajoda Gombe ganin likitan zuciya. Muka bi tiyo kaf, daga kwamfireso har gaban lagireto, ban yi gyaran murya ko sau ɗaya ba, don babu abin gani. Andrawus ya zagaya ya shiga ciki, ya cusa hannu ƙarƙashin dashbod, ya fito da yatsa ya murza, ya shinshina. Ya ce mai ne, ɓarakar tana can ciki, sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin kwana biyu.

Na ce ba ni da kwana biyu, ya zuba kawai. Ya ce gas ɗin ba zai kai ni ko'ina ba, in nemi aron mota. Ni kuwa a ce direban manya yana yawon aron mota? Na yi ta masa naci, na kawo abota, na kawo ciwon Yaya, har na ce ashe zaman da nake yi a nan bai kai a yi mini alfarma ɗaya ba. Sai a sannan ya jawo tukunyar gas. A iya sanina ranar ce kaɗai ya karya dokarsa, kuma saboda ni.

Ko Alkaleri ba mu kai ba sanyin ya ɗauke. Gilasan baya dama sun daɗe ba sa sauka. Yaya ya jiƙe sharkaf, numfashinsa na sama-sama, sau uku ina tsayawa ana yi masa fifita. Matarsa kuwa ta wanke ni tas, tun daga hanya har ƙofar asibiti, wai na ɗauko mata miji a tanda. Allah ya sa bai mutu ba, aka ba shi gado.

Washegari da la'asar ban ko biya gida ba, rumfar na nufa, raina a ɓace. Na tarar da Saja Amos da motoci biyu, ga wasu mutum uku a kan benci. Andrawus ya ji ƙarar injina, ya ɗago yana tambaya ya mai jiki. Da ya yi shiru daga nan, da watakila na huce. Sai ya ƙara da cewa ai ya gaya mini ba za ta kai ba. Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ƙona ni.

Na ce, "Ka gaya mini me? Mutumin da ko kumfa ba ya gani sai na yi masa tari? Shekara biyu da idona kake cin abinci!"

Saja Amos ya dube ni, ya dubi Andrawus, ya dubi motar ogansa da bonet a buɗe. Ya ce ya tuna ana jiransa a bariki, zai dawo. Bai dawo ba. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama Fadaman Mada, har da ƙarin gishiri. Wata guda bayan nan rumfar ta zama ta mai sayar da lemo.

Na kai motar wani gareji, aka sauke dashbod, ɓarakar na nan daidai inda ya ce. Kunya ta hana ni zuwa gidansa har wata uku. Sau biyu ina kaiwa bakin layin in juya. Rana ta uku Matta ta gan ni daga wurin famfo, ba damar gudu. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini shi zaune a tsakar gida, hannayensa a kan gwiwa, fes da su, ba ɗigon baƙin mai.

Na durƙusa, ni da furfurata, na ce ya yafe mini. Ya sa aka ba ni kujera, ya tambayi jikin Yaya. Ya ce ya yafe tun ranar, kuma ba ƙarya na yi masa ba.

"Dama na shirya bari, Malam Mika. Bayan bikin Ista na so in tara su Amos, in gaya musu da bakina, in gode maka a gabansu. Ranar da ka yi maganar nan, sati uku ya rage."