Ranar da Na Yi Waƙa a Gaban Mutanen Mawori

Ku masu aikin raino yanzu, ku matso. Har gobe ba zan manta ranar da na ɗaga murya a gaban maza ba.

Lokacin ana sayen ruwa a wurin masu jakai a Jidda, ni ce dada, wato mai raino, a gidan wani attajiri mai shigo da naman rago daga Niyu Zilan. Ammi muke ce masa, matarsa Sitti. Dokar gidan ɗaya ce: baƙo namiji ba ya jin muryar dada. Wadda ta gabace ni dariya kawai ta yi, aka ɗaure mata kayanta. Ni kuwa da aikin nan nake riƙe da uwata a unguwar Sa'alaba.

Wata shekara Ammi ya tafi da mu can Niyu Zilan, arewacin ƙasar. Teku muna da ita, amma ban taɓa ganin ciyawa ta gangaro har bakin ruwa ba. Mai sayar masa da raguna ya ɗauke mu a kwalekwale mai inji zuwa wurin dangin matarsa, Mawori, mutanen ƙasar na asali.

Ga tsarinsu na tarbar baƙi: dattijo ya yi jawabi, mutanensa su miƙe su yi masa waƙa. Baƙo ya mayar da jawabi, nasa su yi masa. Ammi ya gama nasa, sai tsit. Tafinta ya raɗa masa cewa wanda ba a yi wa waƙa ba kamar ba shi da kowa ne. Ammi ya waiga. Sitti ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa mai zane a haɓa ta kafe ni da ido.

Na ce a raina, mu ba mu da kowa? Na gyara goyon ɗan Sitti, na miƙe, na ɗauko waƙar da uwata take yi in tana daka. Kafin in kai ƙarshe matansu sun kama amshi. Tsohuwar ta zo ta ɗora hancinta a kan nawa, haka suke gaisuwa.

A kwalekwale, kan hanyar komawa, ina ta tunanin abin da zan gaya wa uwata in an kore ni. Sai da muka kusa tudu Sitti ta ce mini, "Ya Hawwa, maganar nan ta mutu a ruwan nan."

"Halas, shi ke nan, ya Sitti. Ni ma ban ji komai ba."

Ammi ya yi dariya har ya share ido. Ba a kore ni ba. Na zauna a gidan har na yi rainon jikoki.

To kun ji. Shiru a aikin nan don mutuncin masu gida ake yi. Ranar da shirun zai zubar da shi, ku miƙe, 'ya'yana.