Fankar bandakina da allunan Alaramma

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da fankar bandaki ta kusa raba ni da maƙwabcina ba za ta goge ba.

Babban ɗana, ma'aikaci a sakatariya, shi ya ga bokiti da buta sun yi wa ubansa kaɗan. Ya sa aka gina mini bandaki a cikin ɗaki a gidanmu na Yalwawa, da shawa da hita mai ɗumama ruwa. Ni da bokona bai wuce firamare ba, wane ni in yi gardama da mai digiri? Sai dai ba a bar taga ba. In na yi wanka da ruwan zafi, tururi ya turnuƙe, madubi ya makance, fenti ya kama ɓarewa. Matata Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, wanka kake yi ko dambu ake turarawa?"

Ɗan nawa ya ce maganin abin fanka ce mai zuƙe tururi ta watsa shi waje. Ya zaɓo mafi ƙarfi a kasuwa, wai ƙarama ba ta dace da girmana ba. Ranar da ya kawo mai haɗa wuta ina Birnin Kudu wurin ta'aziyya. Suka duba bangon da ya fi sauƙin fasawa, suka fasa. Cikinsu babu wanda ya zagaya ya ga abin da ke bayansa.

Bayan bangon nan kuwa rumfar Alaramma ce, limaminmu, maƙwabcina tun unguwar tana gonaki. A jikin bangon ɗalibansa ke jingine alluna da safe don tawada ta bushe.

Ni ina ciki ina shan daɗi. In kunna fanka kafin in buɗe ruwa, in bar ta tana aiki bayan na fito, yadda aka koya mini. Har alfahari nake a majalisa, wai bandakina ya fi na otal. Sai na lura Alaramma ya rage mini gaisuwa. Mutumin da muke tsayawa mu tambayi har lafiyar awaki, ya koma "lafiya lau" ya wuce.

Rannan bayan Azahar ya ce, "Alhaji, zo ka ga wani abu." Ya ɗago allo. Rubutun duk ya narke, tawada ta gangaro baƙi ƙirin. Ya nuna wata ragar roba a saman bango, ruwa ya zana layi a ƙarƙashinta.

"Iskar da ke fitowa nan, daga ina take?"

Na ce, "Bandaki."

"To, a kan ayoyin Allah take sauka. Na yi shiru ne, na ɗauka ka sani. In rumfar ce ba ka so a jikin gidanka, faɗa mini in tashi."

Wallahi gara ya mare ni. Nan take na kira ɗan nawa a waya. Wai, "Baba, ai iska ce kawai."

"Iska kawai? Kai da ka yi sauka a rumfar nan? Ka bar abin da kake yi ka zo yanzu, kafin in zo ofishinku in yi maka wanka gaban shugabanninka!"

Ya zo da shaddarsa mai guga. Ban bari ya cire ba. Shi ya kwaɓa siminti, shi ya toshe ramin, sannan ya durƙusa gaban Alaramma ya nemi gafara, ina tsaye a kansa ina huci. Aka mayar da fankar bangon tsakar gidana, aka sa mata bututu ya haye sama da rufi.

Sai da aka gama Alaramma ya yi murmushi ya ce, "Ya wuce, Alhaji. Amma sabulun nan naka, ka rage shi, mun sha ƙamshinsa a rumfa."

Saboda haka masu sayen fankar bandaki, ku ji daga bakin tsohon da ya sha kunya. Kafin ku tambayi ƙarfinta, ku taka da ƙafarku ku zagaya bayan bango. Duk abin da ka hura daga gidanka, akwai wanda yake sauka a kansa.