Madam Rakiya da Kifin Tafkinmu

Ina cikin kasuwar Baleyara, wajen masu igiya, salulata ta yi ƙara. Ƙanen mijin malamata ne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Isaka, sai haƙuri. Madam Rakiya ta cika a likita, can Yamai." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zube bisa buhun wani mutum da ban sani ba, shi kuma da ya dubi fuskata bai ce in tashi ba.

Ita ta koya mini ilimin halittu a kolej ɗin Filinge. Ban yi nisa a lakwal, wato karatun boko, ba, na koma gona. Sai da aka zuba ƴaƴan kifi a tafkin garinmu, aka ɗora mini shugabancin masu kamu, Allah ya sake haɗa mu. Mu Kurfayawa manoman hatsi ne, kamun kifi ba gadonmu ba ne. Amma kifin nan shi ke riƙe gidajenmu idan rumbu ya yi ƙasa.

Shekarun farko tarwaɗa sai da hannu biyu. Daga baya kifi ya ƙi girma, ƴaƴa suka ragu, wasu da kumburi ƙarƙashin wuya. Na kai mata guda a gida. Ta tsaga shi da reza, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Isaka, kifinku maƙoƙo gare shi." Na yi dariya, don ni a wuyan mata na san maƙoƙo. Ita ba ta yi ba. Ta ɗauki mayafi ta ce in kai ta tafkin.

Abu biyu ta gani. Tarunmu duka da yankan tsohuwar katifar soso da soson kujerar mota muke ɗaure su don su taso bisa ruwa, dabarar da har alfahari muke yi da ita. A gaɓar gabas kuma samari ke ƙone matattun tele da rediyo don su ciri jan ƙarfe, ruwan sama na farko ya kwashe tokar ya zuba cikin tafki. Ta ce masu ƙera kayan nan suna sa musu wani magani don kada su kama wuta da sauri. Maganin ba ya ruɓewa. Yana kwanciya cikin laka, kifi ya ci, ya rikita masa abin nan na maƙogwaro da ke tafiyar da girma da haihuwa. "Abin da wuta ta ƙi ci, Isaka, laka ke aje shi," in ji ta.

Ba ta taɓa faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Sau da yawa na matsa mata: to mu da ke cin kifin fa, da yaranmu? Sai ta ce, "Ban sani ba tukuna. Sai an auna a Yamai. Ba ni ba ka tsoro da ƙarya, ba ni kwantar ma da hankali da ƙarya." Wallahi maganar nan ta sha ba ni haushi, ni mutum ne mai son a ce mini i ko a'a.

Na je na ce ma samarin su bar ƙona kayan, ba su ji maganata ba, har zagi na sha. Sai Madam Rakiya, mace mai salla da azumin nafila, ta tafi gidan Baba Gado, tsohon da ke riƙe da al'adar kakanni, wanda ke kai fura bakin tafki kafin a buɗe kamu. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ce, "Baba, kai aka bar ma amanar ruwan ga. Hayaƙin can shina kashe abin da ke ciki." Mutane sun yi ta surutu, wai malamar lakwal ta je wajen mai tsafi. Ta ce ita wajen wanda ake jin maganarsa ta je. Baba Gado ya kafa sanda a gaɓar, ya ce duk wanda ya sake hura wuta nan, shi da masu tafkin. Ƙona kaya ta tsaya. Mu kuma muka kwance soson, muka koma ɗaura ƴan ƙananan gorunan duma.

Ciwo ya kwantar da ita kafin ta kai kifin awo. Da na je dubiya ta rame har na kasa haɗa ido da ita, amma tambayarta ta farko, "Isaka, sun fara girma?" Na ce muna dai sa rai.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe kamun bana. Damina ba ta yi kyau ba, gari duka ya fito da kwanoni. Aka jawo taru. Kifin ƙanana ne, da yawa da kumburin nan, don abin yana nan cikin laka. Wata mata mai goyo ta ɗago guda, ta dube ni ta ce, "Isaka, kai ne ɗalibinta. Mu dafa ma yara, ko mu bizne?" Kowa ya zuba mini ido. A nan ne mutuwarta ta shige ni, na yi kuka gaban jama'a, ban ji kunya ba. Matar ta sa kifin a kwano ta tafi da shi gida.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Rakiya, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa abin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana. Ka ba Malam Hamidu mijinta haƙuri, ka raya ɗiyanta bisa gaskiyar da ta riƙe. Mu kuma da ta bari da tambayar nan, ya Rabbi, ka tsare mana yaran da suka ci kifin nan. Amin.