Sa'adya Madmoni, mai hana a binne littafi da ransa

Da hantsi, in ka bi unguwar Hadar ta Haifa, za ka ga wata tsohuwar a-kori-kura tana hawan tudu tana tari kamar mai ita. Sa'adya Madmoni ke nan. Shekara da shekaru yana bin majami'un Yahudawa, ya buɗe akwatin tsofaffin littattafai da ake kira geniza, ya kwashe littattafan addu'a da suka yage, ya zuba a buhu. Abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a jefa shi a shara, binne shi ake yi a maƙabarta, kuma Sa'adya ne mai rakiya. A ƙarshen watan nan zai ajiye makullin motar, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji.

Wannan shi ne aikin da aka ɗauke shi. Wanda ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, ba wanda ya sa shi.

Mutanenmu in tsoho ya rasu, 'ya'ya kan share gida a gurguje. Duk littafin da ya yi ja, sai su ce ai na addini ne, su antaya shi cikin akwatin su tafi hankali kwance. Haka mujallun labarai da waƙoƙin soyayya da aka buga a biranen Odesa da Warso tun zamanin kakanni suke kwana tsakanin littattafan Zabura. Su ne shaidar yadda Ibrananci, harshen addu'a da karatu, ya koyi tsegumi da faɗa da zancen saurayi da budurwa. Sa'adya kan zauna a sito ya tsince su, ya kai wa Dakta Ruhama Alkalai, mai koya mana tarihin adabin Ibrananci, mu 'yan fansho, a ɗakin karatun unguwa. Rabin abin da muke karantawa daga buhunsa ya fito.

Kada ka ɗauka son su yake yi.

"Rubutun masu aske gemu ne, waɗanda suka saki addini," in ji shi in ya dire kwali. "Ga kayanki nan, Dakta. Ni dai ba na binne mai rai."

"To ka zauna mana ka ji darasi ɗaya, Baba."

"Allah ya tsare ni. Ki ba ni gahawa dai, ba ruwan ɗauraye kofin nan naku ba."

Bara, gab da Idin Ƙetarewa, lokacin da kowa ke share gida, aka mayar da Tirza Halperin gidan tsofaffi. Ita ce mafi tsufa a ajinmu. Ɗanta Amnon, mutumin kirki mai gaggawa, ya kwashe littattafanta ya zuba a geniza. A ciki akwai wata mujalla mai ɗauke da labari ɗaya tal da kakar Tirza, Shifra, ta taɓa bugawa. Dakta ta daɗe tana neman wani kwafin ba ta samu ba. Tirza ta yi mana alkawarin kawo ta ranar da za mu kai kan mata marubuta. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi faɗa ba, ta dai juya fuska bango ta daina cin abinci.

Amnon ya iso sito yana haki.

"A wane akwati ka zuba?" Sa'adya ya tambaye shi.

"Na kusa da kasuwa. Ko kuwa na bayan tasha ne?"

"Wane launi ne bangon?"

"Launin... tsohon littafi."

"Kai, uwarka ta haifi gwani. Cire kwat ɗin nan, ɗana."

Buhuna sun kai rufi. Menashe, mai kula da sito, ya ce an haƙa rami, an sa rana, mota ba za ta jira kowa ba. Sa'adya ya ce, "Ramin ba ƙafa gare shi ba, Menashe." Ya durƙusa kan gwiwoyin nan da ba sa son durƙuso, yana kwance buhu, Amnon yana ɗaurewa. Duk littafi mai tsarki da ya faɗi ƙasa sai ya ɗauka ya sumbace shi, abin da ya ƙara jan aikin har Menashe ya daina yi masa magana. Ana cikin lodin mota aka sami mujallar, ba bango, ƙura ta rufe ta.

Sa'adya da kansa ya kai mata, Amnon na biye da shi. Tirza ta shafa takardar, ta miƙo masa. "Idona ya tafi, bawan Allah. Karanta mini."

Ya duba hagu ya duba dama, ba mai ceto. Sa'adya bai san wata hanyar karanta Ibrananci da ƙarfi ba sai wadda mahaifinsa ya zo da ita daga Yaman. Sai ya fara rera labarin kamar karatun Attaura na ranar Asabar, yana rangaji. Labarin wata yarinya ne da ke laɓewa bayan ƙofa tana sauraron malami yana koya wa yayyenta maza karatu. Amnon ya so ya yi dariya, ya ga fuskar uwarsa, ya haɗiye.

Da ya kai ƙarshe ya juya shafin, ya ga ba ci gaba. "To sun buɗe mata ƙofar daga baya?"

"Ba su buɗe ba," in ji Tirza.

Ya miƙa mata mujallar a hankali. Ran nan Tirza ta ci abinci, ba da jimawa ba kuma ta koma zuwa aji.

Tun daga lokacin, duk ranar darasi sai ga shi da kwali, ko da littafi biyu ne a ciki. Ba ya shiga. Yakan jingina da ƙofa da kofin gahawa a hannu, wai yana jira ta huce, Dakta kuma ba ta ƙara rufe ƙofar ba.

Baba Sa'adya, kai ne ka kare abin da ba naka ba, abin da ma ba ka yarda da shi ba, don kawai ka ga da sauran numfashinsa. Mun gode, Tirza ta gode, kuma ina kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa maka ba. Ku kuma masu share gidan iyaye, ku buɗe littafi ku duba kafin ku zuba. Wanda zai gaji motar nan, ya gaji haƙurin kwance buhu.

Ka ajiye makulli lafiya, Baba. Mun sa maka kujera a cikin aji, kusa da Tirza. Ka shigo, tsayuwar ta isa haka.