Layin da Na Manta Ban Goge Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan ƙofar shagona tana kallon ta Buɗau a layin masu gyaran kwamfuta. Gajere ne, tabaransa ɗaure da zare, fankar shagonsa kuwa ta fi ba da ƙara a kan iska. Wurin malami ɗaya muka koyi rubuta manhaja, kuma wallahi na fi shi kai. Wannan ko shi ba ya musu.

Kowannenmu ya rubuta manhajar tsara wa makarantu jadawalin darussa. Ni na kulle tawa, ba mai ganin cikinta. Shi kuwa ya zuba tasa a intanet, rubutun cikinta duka a fili, da sharaɗi ɗaya: ka ɗauka ka gyara, amma duk abin da ka haɗa da ita, shi ma ka bar shi a buɗe.

"Wannan ai sakarci ne," na ce masa. "'Yanci shi ne abina ya zama nawa, in bai wa wanda na ga dama."

"Naka 'yancin na mai kaya ne," ya ce, yana hure ƙurar wata kwamfuta. "Nawa na mai aiki da kayan ne."

Na yi masa dariya, amma dariyar ba ta yi tsawon rai ba. Mutanen da bai taɓa gani ba suka riƙa aiko masa da gyara. Hedimastoci su wuce ƙofata ko sallama babu, su cika bencinsa ana ta shewa. Ni kuwa ba a nemana sai abu ya lalace. Hassada ta ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya ce mini hassada ga mai rabo taki ce, sai in ji kamar in shaƙe shi.

Abin haushin, tawa tana da ciwo: takan tura malami ɗaya aji biyu a lokaci guda. Tasa ba ta yin haka. Da na gaji, sai na kwafo wannan ɓangaren daga tasa, na sauya sunaye, na cusa a tawa na kulle. Wa zai gani?

Ina da 'ya tilo, wadda ta gama karatun kwamfuta. Ba ni da burin da ya wuce ta gaji aikina. Amma na lura kullum tana leƙa shagon can, Baffa Buɗau kaza, Baffa Buɗau kaza. Don in riƙe ta, na yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba: na buɗe mata cikin manhajata.

Na manta da ɗabi'ar Buɗau ta barin saƙo a tsakiyar rubutunsa, don mai karantawa. Na goge duka, ashe ɗaya ya tsere mini. Rana ta uku da hantsi ta juyo da fuskar kwamfutar wajena. Ga shi ɓaro-ɓaro: "Nan kame-kame na yi, wanda ya fi ni ya gyara."

"Baba, wannan ai bakin Baffa ne," ta ce. "Ka san sharaɗinsa. Ka buɗe taka kawai, shi ke nan."

"Wa zai sani?"

"Ni na sani."

Na ce ba zan buɗe ba, gumina ne. Washegari ta ɗauki kujerarta ta tsallaka layi.

Ba ta tona ni ba. Bayan wata biyu Buɗau ya shigo shagona, bakinsa har kunne, ya nuna mini waya. 'Yata ta gyara ɓangaren nan na kame-kame a manhajarsa, sunanta yana ƙarƙashin nasa, duniya na gani.

"Ka ga wanda ya fi ni ya zo," ya ce. "Kanka ta gado, wallahi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ma ya fi ciwo. Manhajata tana nan a kulle, ba mai taɓa mini ita. Daga inda nake zaune ina jiyo dariyarta a shagonsa.