Masarar Baba Iro da Muryar Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da muka fitar da masara daga ɗakin rediyon kwalejinmu da safe, muka mayar da ita kafin azahar ba. Ina rubuta wannan ne saboda ku sababbin ɗalibai, da kuke tambaya me ya sa darasinku na farko a aikin rediyo ya zama ɗaukar buhu.

Kwalejinmu, wadda ke gefen hanyar Kankara, ta taɓa mallakar ƙaramar tasha da ɗalibai suke koyon aiki a ciki. Muryarta ba ta wuce makaranta da ƙauyukan kusa. Da na'urar watsawa ta lalace sai aka rufe, sashen noma, wanda dama yake ajiye masara a ciki, ya mayar da ɗakin gaba ɗaya sito. Ina aji biyu lokacin da tsofaffin ɗaliban tashar suka haɗu a wani zauren waya, suka yi ta tuna baya, har suka yanke shawarar farfaɗo da ita su koya mana aikin. Jagoransu Alhaji Lawal ne, ɗan kasuwar hatsi daga Ruwan Godiya, wanda a zamaninsa shi ke buɗe tasha. Mataimakiyarsa Hajiya Rabi ce, shugabar wata firamare a Sabuwa. Ni kuma aka ba ni littafin aiki, saboda an lura ba na magana kuma rubutuna yana karantuwa.

Littafin aiki shi ne inda ake rubuta duk abin da ya fita a iska: lokacin farawa, lokacin gamawa, wanda ya yi magana, da matsalar da aka samu. Don in koyi tsarinsa na nemo tsohon littafin tashar a laburare, na karanta shi daga bango zuwa bango.

Shugaban kwaleji ya gindaya sharaɗi ɗaya. Ranar Asabar da ƙarfe goma sha biyu zai zauna a motarsa a bakin ƙofar makaranta ya kunna rediyo. In ya ji mu tas, ɗaki ya zama namu. In bai ji ba, ɗaki ya ci gaba da zama sito, maganar tasha ta mutu.

Mai riƙe da makullin siton shi ne Baba Iro, dattijo ne da ya girmi kowa a wurin. Da Alhaji ya nuna masa takardar da Shugaba ya bayar ta a fitar da masara, bai karɓa ba, ya dai buɗe ƙofa ya ja gefe.

“Alhaji, ina za ku kai ta?”

“Ƙarƙashin bishiyar bedi, Baba. Tun muna ɗalibai masarar nan take cin rabin ɗakinmu. Yau za ta san rediyo ya dawo.”

“To, Allah ya ba da sa'a. Ita dai ba ta taɓa yi maku komai ba.”

Ƙarfe takwas aka fara. Manyan mutane ne, wasu da furfura, suka naɗe hannun riga suna cicciɓar buhu suna waƙar buɗe tasha ta zamaninsu. Ni ina tsaye da littafi, kuma tun buhu na farko na san akwai matsala. A tsohon littafin akwai wani layi da ake cikawa kullum a ƙasan shafi. Da kaka za ka ga an rubuta: “Buhu layi huɗu, murya lafiya.” Da tsakiyar damina, lokacin da ɗakin girki ya ci yawancin masarar: “Buhu layi ɗaya, murya tana dawowa da amsa-kuwwa.” Na buɗe baki sau biyu zan faɗa. Amma yaya ɗaliba 'yar aji biyu za ta tsayar da Alhazai suna cikin waƙa? Na rufe bakina, na rubuta a littafi cewa an fara fitar da buhu ƙarfe takwas da minti huɗu.

Ƙarfe goma da rabi ɗaki ya zama fayau, siminti sama da ƙasa. Aka share, aka jona na'urar da wani tsohon ɗalibi ya gyaro daga Faskari, aka kunna jan ƙwan da ke nuna ana kan iska. Alhaji ya gyara hula, ya matso makirufo don gwaji.

“Assalamu alaikum, masu sauraro.”

Ɗakin ya maimaita. Sannan ya sake maimaitawa. Daga ƙarƙashin bedi, inda Baba Iro yake zaune a kan buhu da ƙaramin rediyonsa, muka ji ya amsa sallama sau uku, ɗaya bayan ɗaya, a natse.

Alhaji ya leƙa ta taga. “Baba, sau ɗaya na yi.”

“Ni uku na ji, kuma kowace sallama da haƙƙinta.”

Aka shiga neman dabara. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a bango, sauran mazan suka bi. Aka kwaso dardumai daga masallaci. Sallama ta ragu daga uku zuwa biyu da rabi. Wani ya kawo shawarar Alhaji ya riƙa jira ɗakin ya gama kafin ya ci gaba. Aka gwada, na duba agogo, kanun labarai guda biyu suka ci minti shida.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na yagi takarda na rubuta: “Hajiya, don Allah a duba ƙasan shafi.” Na haɗa da tsohon littafin na miƙa mata, kaina a ƙasa. Ta sa tabarau, ta buɗe shafi biyar ko shida.

“Wannan rubutu kamar tafiyar kiyashi, na wane ne?”

“Naki ne, Hajiya. Ga sa hannunki.”

Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta ce, “Alhaji, zo ka ga abin da muka kwashe shekara uku muna zagi.” Ta juyo gare ni. “Ɗiyata, tun yaushe kika sani?”

“Tun buhu na farko.”

“Kika bar ni na ɗauki masara da wannan bayan nawa?”

Alhaji ya karanta, ya cire hula, ya mayar. Daga shi sai 'yar shara ya fita wurin Baba Iro, ya durƙusa ya sake gaishe shi kamar ba su haɗu da safe ba, har da tambayar iyali.

“Baba, masarar nan muke so ta koma.”

“Wace masara? Wadda aka kora da takarda?”

“Ita.”

“Ta riga ta saba da iska. Kuma takardar Shugaba cewa ta yi a fitar. Ina ta mayarwa?”

Saura minti talatin da biyar. Hajiya ta sa baki, ta ce kuskure ne na yara. Baba Iro ya dubi furfurar Alhaji. Daga ƙarshe ya kawo sharuɗɗansa. Buhu zai hau katako, ba zai taɓa bango ba saboda danshi. Tsohuwar masara a gaba, sabuwa a baya. Makulli biyu, ɗaya a hannunsa. Kuma ranar da zai sa maganin ƙwari babu labarai, ko duniya ce ta tashi. Alhaji ya amince da duka, na rubuta.

Mayarwar babu waƙa. Baba Iro ya tsaya a ƙofa yana mayar da duk buhun da aka ajiye a karkace. Ƙarfe goma sha biyu saura minti ɗaya layi uku kawai aka jera. Alhaji ya faɗa kan kujera, ƙurar masara har gira, jan ƙwai ya kama. Ya yi sallama. Muka kasa kunne. Daga waje Baba Iro ya amsa sau ɗaya.

Shirin ya yi minti ashirin. Hajiya ta karanta sanarwar dawowar tasha, ɗalibai biyu suka gabatar da kansu, sauran kuma suna ci gaba da shigo da layi na huɗu a kan yatsun ƙafa.

Da Shugaba ya iso ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi makirufo, ya dubi buhuna, ya dubi rigunan da ke rataye.

“Na ji ku tas,” in ji shi. “Har hakin wani na ji. Amma na ce a fitar da masara.”

“An fitar, ranka ya daɗe,” in ji Alhaji. “Yana cikin littafi.”

Shugaba ya karɓi littafina ya karanta: fitarwa ƙarfe takwas da minti huɗu, mayarwa goma sha ɗaya da minti ashirin da takwas. Ya ce a aikinsa bai taɓa ganin an bi umarni an kuma warware shi a shafi ɗaya ba. Ranar Litinin sabuwar takarda ta fito: ɗakin tasha ne kuma sito ne, ba a taɓa buhu sai da sanin Baba Iro.

Shi ya sa har yau akwai layin buhu a ƙasan kowane shafi. In damina ta yi nisa masara ta sauka ƙasa da layi biyu, sai in sanar a zauren tsofaffin ɗalibai, wani ya aiko da aron buhuna a bayan babur daga Faskari ko Yargoje. Alhaji ya nace cewa gero ya fi fito da muryar namiji, Hajiya ta ce dawa. Na gwada duka na rubuta sakamako, amma ba wanda ya tambaye ni.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutanen rediyo suna tuna muryarsu sarai, amma suna manta abin da ya riƙe ta, don haka littafi yake da amfani. Sai dai littafin da mai shi ta yi shiru ya jawo wa dattawa ɗaukar masara sau biyu. In kun ga matsala, ku faɗa tun buhu na farko. Kuma kafin ku taɓa makirufo, ku je ƙarƙashin bedi ku gaida Baba Iro. Sau ɗaya ya isa.