Ɗan Tsaye da Tsumman Moto

Kakata Iya Tabawa ba ta fara tatsuniya sai gyaɗa ta nuna a toka. In ɗari ya shigo Matankari, an gama ɗaure gero an kai rumbu, sai ta sa mu kwaso kara mu tara a ƙofar ɗakinta. Bayan isha'i ta hura wuta, ta binne gyaɗa a gefe, ta miƙe ƙafafu. Mu biyu ne jikokinta maza a gidan, ni Lawali da ƙanena Sani, sai 'ya'yan maƙwabta da ƙamshi ke jawowa. Ni takan kira ni mijinta rago, wai ban taɓa kawo mata ko ƙashin miya ba. Sani kuwa shi ne angonta na ƙwarai, don shi ke zama daf da gwiwarta baki buɗe. Ni gyaɗar nake jira.

Gidanmu gidan mahauta ne, dambe kuma gadonmu. Iya ta san dambe fiye da maza da yawa, don shekara da shekaru ita ke gasa wa kakanmu jiki da ruwan zafi in ya dawo daga fage. A bakinta na fara jin an ce an kashe mutum a dambe. Ta ce an kashe wani maƙwabcinmu a Tibiri, na kwana da tsoro, da safe sai ga shi a kasuwa yana saran nama yana ciniki. Na ruga na faɗa mata, ta yi dariya har da tari.

"Kai rago," in ji ta, "kisan dambe ba na kushewa ba na. Gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe ka, kiɗi shi tsaya, kowa shi kama gabanai. Wanda anka kashe shi ka shan hura da marece."

Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Ta ce, "Ta taho, ta taho, ga ta bakin ƙohwa." Mu ce, "Ta shigo ta zamna." Wadda Sani ya fi roƙo ita ce ta Ɗan Tsaye, kuma ya roƙe ta har na haddace ta ba da so na ba.

Wai wani ɗan dambe ne aka kashe shi a gaban budurwarsa, 'yan mata suka yi masa shewa. Kunya ta hana shi komawa gida. Ya hau dutse wurin aljana Doguwa, ya roƙe ta kada jikinsa ya ƙara taɓa ƙasa in ban da tafin ƙafa. A nan Iya takan ja murya ta kumbura wuya, ta zama Doguwar.

"Yaro, ka shina abin da kaka biɗa?"

Ya ce ya sani. Ta ce ya buɗe baki. Ta zaro faɗuwar daga cikinsa kamar ana zare zare, ta zuba a gora, ta toshe da totuwa, ta rataye a kogo. Daga ranar ba wanda ya ƙara kashe shi. Sunansa ya zaga garuruwa, makaɗa suka yi masa take, aka daina kiransa da sunan yanka sai Ɗan Tsaye. To amma tun da ba ya faɗuwa, ba a barinsa. In wannan ya gaji da dukansa wancan ya ɗaure hannu ya shigo, kowa na son a ce shi ya kashe shi. Yana tsaye ana nausa, kalangu bai tsaya ba, don ba abin da zai tsai da shi.

A wannan gaɓar Iya takan cika tafinta da gyaɗa. Ta ce duk naushin da ya sauka a kansa, wani abu na faɗowa daga ciki. Ta saki ƙwaya ɗaya a toka, ta ce hanyar gonarsu ke nan. Ta saki wata, ta ce ɗanɗanon fura. Ta saki wata, sunan budurwar da aka yi abin dominta. Ta ƙarshe takan riƙe ta tsakanin yatsu ta daɗe, sannan ta sake ta, ta ce sunan uwarsa. Ni kuwa in miƙa hannu a hankali in tsince ƙwayoyin.

Uwar ce ta hau dutsen da tsufanta. Doguwa ba ta yi mata gardama ba, ta miƙa mata gorar ta ce ta daɗe tana jiranta. Tsohuwa ta ratsa taro ana tsakiyar turmin dambe, ta maka gorar a ƙasa. Ɗan Tsaye ya zube a gaban wani siririn ɗan dambe da bai ma kai masa hannu ba. Fage ya ɗauki dariya. Ya yi barci a nan cikin ƙasa, barcin da ya daɗe bai yi ba, da ya farka ya dubi tsohuwar ya ce, "Inna."

Kullum a nan Sani ke tashi tsaye don haushi. "Iya, ta ɓata mai suna! Da ta bar shi!"

Wata rana, don kada a ce ba na saurare, na tambaya ko Ɗan Tsaye ya gode wa uwar. Iya ta dube ni ta gefen ido tana kakkaɓe zane.

"Tatsuniya ba ta hwaɗi ba, mijina. Ku tashi, wuta ta mutu, ita ma ta ƙare."

Iya ta rasu ina saurayi. Daga baya muka dawo Dogon Dutsi, na kama kabu-kabu, ina ɗaukar fasinja a moto, wato babur. Dambe na taɓa shi kaɗan, kafaɗa ta goce, na haƙura ba tare da wani baƙin ciki ba. Sani ne mai hannu. Amma dambe bai ishe shi ba, shi boks yake so, irin na safar hannu da igiya kewaye, wanda ake hawa jirgi dominsa. A garinmu ba mu san mai koyarwa ba, sai ni da wayata mai tsagaggen gilashi na zama antirenar.

Ina jiran fasinja a bakin kwalta nake sauke bideyo in rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kyau. Da la'asar mu jingina wayar da bulo a ƙarƙashin bedi, bishiyar dogon yaro, inda muka rataye buhu cike da yashi da ƙaiƙayi. Masu koyarwar wasu Turancin Ingila suke yi, ko kalma ba na ji, ƙafafunsu kawai nake kallo. Masu Faransanci ina tsintar rabi da ɗan karatun lakkol ɗina na boko. In tsai da hoton, in mayar baya, in rage masa gudu, har in ga inda diddige ke juyawa kafin hannu ya fita. Aikinmu mafi wuya shi ne cire dambe daga jikin Sani. Ɗan dambe hannun hagu a buɗe yake miƙa shi gaba yana tare, dama na can baya a ɗaure tana jiran lokaci, haɓa kuwa a sarari. A boks hannu biyu ke duka, kuma duk wanda ya fita sai ya koma gadin kumatu. Na sha ɗaure masa hagu da igiya a wuya don ta daina yawo. Ya yi ta zagina a ciki, amma ya koya, kuma ya koya da kyau. Wannan kam ba zan rage wa bideyo hakkinsa ba.

Abu ɗaya ne a boks ya shiga ran Sani fiye da komai. A can in ka faɗi ba a kashe ka ba. Arbit, alƙalin wasa, zai tsaya a kanka yana ƙirga, in ka tashi kafin ya kai goma a ci gaba. Akwai bideyon da aka harhaɗa na mutanen da aka kayar suka tashi suka ci wasa, jini a fuska, taro na ihu. Sani ya kalle su har ya san kowane da launin wandonsa. "Ka gani, Yaya?" yakan ce. "Nan ba a mutuwa." Ni kuma akwai wani da na ci karo da shi, na wani tsohon antirenar mai tumbi, ba duka a ciki ko ɗaya. Yana nuna yadda ake duba idon ɗan wasa a kusurwa, ana kaɗa yatsa a gani ko ido na bi, sannan ya ɗaga farin tawul ya nuna yadda ake jefa shi cikin igiya in abu ya ɓaci. Na kalle shi sau ɗaya na wuce, ban nuna wa Sani ba don na san zai ce ɓata forfe ne, kuɗin intanet.

Sai aka shirya wasa a garin. Aka kawo samari daga babban birni, tare da wani mutum da aka ce yana neman masu hannu ya tafi da su kulob. Sani ya sa ransa gaba ɗaya a kan wannan mutumin. Aka haɗa shi da wani dogo wanda ya saba da igiya tun yana yaro.

Zagayen farko ƙanena ya yi abin da muka koya, har na ji mutane na kiran sunan gidanmu. A na biyu gajiya ta zo, jiki ya tuna gado. Na ga hagunsa ta buɗe ta miƙe gaba kamar ta kakanmu, haɓa ta fito. Dogon bai yi jinkiri ba. Sani ya faɗi. A fagen dambe da shi ke nan, da an ɗauke shi an ba shi ruwa. A nan arbit ya fara ƙirga da Faransanci, Sani ya dafa igiya ya tashi, taro ya ɗauka. Aka sake kayar da shi, ya sake tashi. Da aka tsaya hutu ya zo kusurwa na kaɗa masa yatsa. Idonsa na kaina amma bai bi yatsan ba. Na ce, "Wa ni ke?" Ya yi murmushi ya ce, "Mu tahi, mu tahi."

Aka koma. Yana tsaye, hannuwa a ƙasa, dogon na dukan kansa yadda Sani ke dukan buhun bedi. Bai faɗi ba. Mutane na ta ihu suna yabon taurinsa. Ba ni da farin tawul. Abin da ke aljihuna shi ne tsumman da nake goge moto, baƙi ƙirin da mai. Shi na jefa.

Arbit ya ɗan tsaya yana duban abin kafin ya gane, sannan ya shiga tsakani. Wasu suka fashe da dariya, wani ya ɗaga tsumman da yatsa biyu yana nuna wa taro. Ana cewa a irin wannan lokaci zuciya na bugawa. Tawa ba ta yi ba. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ji na yi daidai ba. Hannuna ya yi abin, ni ina kallo. Mutumin kulob ya tashi ya tafi bai nemi kowa ba.

A dispansar, bayan an ɗinke masa gira, Sani ya dube ni, wannan karon idon ya same ni sosai.

"Ka kashe ni, Yaya."

"Na kashe ka," na ce.

Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da ta shiga tsakaninmu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Gida ɗaya muke, zana ce tsakanin sashena da nasa. In mun haɗu a zaure yakan gai da iska in amsa wa iska. Ya koma sana'ar gida, yana da teburinsa a kasuwa. Buhun na nan a bedi, rana ta cinye shi, yashi na zuba ta gindi. Bideyoyin ma suna cikin wayar, ban goge ba, ban kuma buɗe ba. Na jira in ji nadama ko in ji sanyi a rai, har yau ba wanda ya zo. Abin ya zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Ina yaro na ɗauka Iya mantawa ta yi da ƙarshen tatsuniyar, ko barci ne ya sa ta yanke ta. Yanzu na san matar da ta yi rayuwarta tana gasa jikin ɗan dambe ba ta manta ba. Ta san abin da ke biyo bayan fasa gora, ta ga bai dace da kunnen yara ba, ta bar mu da "Inna" muka je muka kwanta.

Da marece abokan Sani kan taru a sashensa su sha shayi, kuma in hira ta yi nisa sai ta koma kan wannan wasan. Ina jin sa ta zana yana ba su labari. Yana faɗin hannun da ya fara kai wa dogon, da inda hagunsa ta yaudare shi, da lambar da arbit ya kai kafin ya tashi, da sunan wanda ya ɗaga tsumman, da cewa tsumman yagaggen hannun rigar babanmu ne. Muryarsa cike da haushi kamar ranar da yake tsaye a bakin wutar Iya. Ni kuwa ina zaune a bayan zana da kwanon fura, ina bin labarin ƙwaya ƙwaya, ina dubawa ko wani abu ya faɗi. Har yau bai tsallake ko ɗaya ba.